Sanyin Ƙashi da Annoba a Jos: Tarihin Maganin da Ke Sassauta Garkuwar Jiki

A cikin masu fama da ciwon gaɓɓai a garin Jos akwai wani ƙaramin rukuni da cututtukan bairas suka fi yi wa illa. Su ne mutanen da garkuwar jikinsu ta rikice, ta daina bambanta baƙuwar cuta da naman jikin mai ita, ta shiga cin gaɓɓai da fata da ƙoda, wani lokaci har huhu da jijiyoyin jini. Cututtuka biyu ne suka fi shahara a wannan dangi. Ta farko likitoci na kiran ta rumatoyid. Takan kama gaɓɓan yatsu da wuyan hannu, dama da hagu tare, mai ita ya tashi da safe hannuwa a sage, ya yi awa guda ko fiye kafin ya iya riƙe kofi, in kuma ta daɗe ba magani yatsun su karkace. Ta biyu ita ce lupus, wadda kusan tara cikin goma na masu ita mata ne, galibi masu shekarun haihuwa. Tana zuwa da zazzaɓi, zubewar gashi, ƙuraje a fuska da gyambon baki, amma babbar ɓarnarta a ƙoda take. Ba a ɗaukar ko ɗaya daga jikin wani. Sai dai su da magungunan da ake kwantar da su suna raunana mutum a gaban cututtukan da ake ɗauka, Jos kuwa ta san irin waɗannan cututtuka tun tana sabon gari.

Unguwar Tudun Wada, a ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, tana nuna yadda lamarin yake a ƙasa. Unguwa ce mai cunkoso da ta hau kan duwatsu, kusa da gandun namun dajin da gwamna Joseph Gomwalk ya kafa a 1972. Gidaje a matse suke tsakanin duwatsun, lunguna da yawa mota ba ta shiga. Mazaunanta ƙabilu ne iri-iri na Filato da maƙwabtanta, ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, kuma Hausa ce ke haɗa su a kasuwa da coci da shagon magani. Ga mai kumburin gwiwa, hawa da saukar waɗannan duwatsu da bokitin ruwa azaba ce ta kullum. Shi ya sa kemis ɗin bakin layi ya fi masa asibitin koyarwa na Jos da ke Lamingo sauƙin kaiwa, a ƙafa da kuma a aljihu.

Kuza ce ta kafa Jos. Tun kafin zuwan Turawa maƙeran Liruwe suna narka ta suna sayar wa fatake, kuma bin sawun wannan kuza ne ya kawo masu binciken Kamfanin Neja kan tudu a farkon ƙarni na 20, aka fara haƙa a wajajen Naraguta, cikin ƙasar Anaguta da Afizere da Berom. Ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914, babban layi daga Fatakwal ta Kafanchan ya biyo baya a 1927. Leburori suka yi ta kwararowa daga Kano, Katsina, Sakkwato, Borno, har da ƙasar Nijar. Suka tarar da abin da ba su saba da shi ba: tudu mai tsayin sama da mita 1,200, hazo, ruwan sama mai yawa, hunturu mai ratsa ƙashi, ga aikin tsayuwa cikin ruwa ana wanke kuza daga safe zuwa yamma. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942 Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuza, sai gwamnatin mulkin mallaka ta ƙaƙaba aikin tilas har zuwa 1944. An kwaso dubun-dubatar mazaje daga lardunan Arewa, da yawansu ba bargo ba isasshen abinci, kuma sanyi da ciwon ƙirji sun kashe mutane masu yawa.

A irin wannan wuri bayanin da likitancin gargajiya na Hausa ya daɗe yana bayarwa bai sha wahalar karɓuwa ba. A wajen magabata sanyi abu ne da ke shiga jiki ya kwanta a ƙashi, musamman ga mai kwana kan danshi ko mai yawan taɓa ruwa. Duk ciwon da ya kama gaɓa ana ce masa sanyin ƙashi ko amosani, ko na tsufa ne, ko na wahalar aiki, ko na sikila, ko na rikicewar garkuwa. Magani kuma yana bin wannan fahimta. Wanzami ya yi ƙaho ya zuƙe abin da ake kira mataccen jini, ya yi tsaga a kan kumburi, wani lokaci a yi sakiya da ƙarfe mai zafi. Boka da 'yar mai ganye su ba da saiwa da sassaƙe a dafa a sha, a yi surace, a shafa man kaɗanya da citta, a gasa wurin da ruwan zafi. Waɗannan hanyoyi ba sa tsayar da rumatoyid ko lupus, kuma aska guda da ke bin jikin mutane da yawa tana iya ɗaukar bairas na ciwon hanta daga wani zuwa wani. Amma akwai abu ɗaya da ba sa yi: ba sa danne garkuwar jiki.

Wata babbar annoba da ta gwada sabon garin ita ce murar 1918, wadda tsofaffi ke kira marisuwa. Ta sauka Legas a watan Satumba daga jirgin ruwa, ta bi layin dogo da hanyoyin fatake ta shiga Arewa cikin 'yan makonni. An ƙiyasta ta kashe mutum kusan 500,000 a Najeriya, lokacin da jama'ar ƙasar ba su wuce miliyan 18 ba, kuma ta fi cin matasa majiya ƙarfi, irin waɗanda suka cika barikokin kuza. A wancan zamani babu maganar rukunin masu ciwon gaɓɓai da ya kamata a tsare, domin dalili mai ɗaci: masu lupus mai tsanani ba sa daɗewa. Ko a Amurka, wani bincike na 1955 ya nuna rabin masu cutar ne kawai ke kai shekara huɗu bayan an gano ta. Masu rumatoyid kuwa suna rayuwa, amma a zaune, hannu da ƙafa a nakashe.

Abin da ya canja wannan hali ya faru ne a watan Satumba na 1948 a asibitin Mayo na Amurka, inda likita Philip Hench ya yi wa wata mata da rumatoyid ya kwantar allurar kotizon. Cikin 'yan kwanaki ta miƙe tana tafiya. A 1950 aka ba Hench da Edward Kendall da Tadeus Reichstein lambar Nobel. Kotizon na farko daga matsarmamar shanu ake sarrafa shi, ga tsada ga ƙaranci, don haka masana suka bazama neman tsiron da zai maye gurbi. Ɗaya daga cikin waɗanda aka sa wa rai shi ne kwankwani, tsiron da maharban ƙasar Hausa ke dafa dafin kibiya da shi, har wasu masana daga Ingila suka zo Najeriya tattara 'ya'yansa a wajen 1949 zuwa 1950. Abin bai yi nisa ba, wata doyar daji ta Meziko da wasu hanyoyin suka fi arha. Cikin shekarun 1950 aka samar da firedinisolon da deksametason, waɗanda suka fi kotizon ƙarfi, ana haɗiyarsu a ƙwaya, kuma farashinsu ya yi ta sauka. Wannan dangin magani shi ake kira siteroyid. Likitocin farko ba su daɗe ba suka ga ɗaya fuskarsa: kumburin fuska, hawan jini, ciwon suga, laushin ƙashi, da cututtukan da ke samun shiga jikin da aka sassauta wa tsaro.

Duk da haka an daɗe ana ganin wannan matsala ta Turai ce. A 1968 wani matashin likita ɗan Ingila, Brian Greenwood, ya duba bayanan majinyatan asibitin koyarwa na Ibadan ya ga rumatoyid da lupus sun yi ƙaranci ƙwarai. Ya kawo shawarar cewa wataƙila zazzaɓin cizon sauro da sauran cututtukan da ɗan Afirka ke sha tun yana yaro su ne ke shagaltar da garkuwar jikinsa, har ba ta juyo kansa. Daga baya ya koma Zariya ya shafe shekarun 1970 a Jami'ar Ahmadu Bello yana aiki kan sanƙarau da maleriya. Bincikensa na gaskiya ne, tambayarsa kuma har yau masana na juya ta. Amma yadda aka karɓi maganar a makarantun likitanci ya yi ɓarna. Likitan da aka koya wa cewa cuta ba ta ƙasarsa ba zai neme ta ba, kuma mata da yawa sun sha maganin maleriya da na taifot shekara da shekaru alhali lupus ke cin ƙodarsu.

A daidai wannan lokaci Jos ta shiga tarihin likitancin duniya ta wata hanya mai ban tsoro. A watan Janairu na 1969 aka kawo Laura Wine, ma'aikaciyar jinya ta mishan daga garin Lassa na ƙasar Borno, asibitin tunawa da Bingham na mishan ɗin SIM a Jos, da zazzaɓin da ya ƙi jin kowane magani. Ta rasu. Charlotte Shaw, wadda ta yi jinyarta, ta kamu ta rasu. Ta uku, Lily Pinneo, aka kai ta New York ta tsira da ƙyar, kuma daga jinin waɗannan mata masana a Jami'ar Yale suka ware sabon bairas suka sa masa sunan Lassa. Shi kansa Jordi Casals, babban mai binciken, ya kamu, ruwan jinin Pinneo aka ƙara masa. A farkon 1970 cutar ta ɓarke a ɗakin mata na asibitin Evangel, wanda mutanen Jos suka fi sani da Jankwano, yanzu kuma shi ne asibitin koyarwa na Jami'ar Bingham. Sama da mutum ashirin suka kamu, sama da goma suka mutu, cikinsu har da likita Jeanette Troup, wadda ta yanke a yatsa tana binciken gawa, ta rasu a watan Fabrairu. A ƙarshen 1969 kuma zazzaɓin shawara ya yi annoba a ƙauyukan tudun. Wato cikin shekara guda da 'yan watanni yankin ya ga bairas biyu masu kisa. A 1972 aka tabbatar a Saliyo cewa wani ɓera mai nonuwa da yawa ne ke ɗauke da Lassa, yana zubar da ita a fitsari da kashi kan abinci.

Yawancin masu kamuwa da Lassa, kusan huɗu cikin biyar, ba sa jin komai ko kuma abin ya zo da sauƙi. Cikin waɗanda ta kwantar a asibiti kuwa aƙalla ɗaya cikin bakwai kan mutu, wasu masu tsira su rasa ji. Maganin da ake bayarwa, ribabirin, a kwanaki shida na farko ake sa ran amfaninsa. A nan ne hatsarin mai shan siteroyid yake. Alamar farko ta Lassa zazzaɓi ne da ciwon jiki da ciwon maƙogwaro, siteroyid kuwa yana kwantar da zafin jiki yana rufe ciwo. Mai lupus ya saba da zazzaɓi da ciwon gaɓɓai, don haka in sabon ciwo ya zo zai ɗauka tsohon ne ya motsa, ya ƙara ƙwaya, kwanakin da suka fi tsada su wuce.

Yadda siteroyid ya isa hannun talaka ba tare da takardar likita ba tarihin sana'ar kemis ne. Tun kafin 'yancin kai doka ta ba da lasisi ga masu sayar da ƙananan magunguna, irin na ciwon kai da tari, domin masu ilimin haɗa magani ba su da yawa. Sana'ar ta bunƙasa ta hanyar koyo a shago: yaro ya yi shekaru a ƙarƙashin maigida, a sallame shi ya buɗe nasa. Bayan 1986, da tsarin tsuke bakin aljihu ya karya darajar naira, ɗakunan magani na asibitocin gwamnati suka zama kango, kemis ya koma likitan unguwa. Lasisinsa bai ba shi izinin sayar da siteroyid ba, amma ciniki ya fi doka kusa. Mai ciwo ya zo ya ce gwiwa ta hana shi barci, a yi masa haɗi na ƙwaya uku ko huɗu a leda, ba suna ba kwali, a ciki akwai mai kashe zafi da deksametason. Washegari ya tashi garau, ya dawo da maƙwabcinsa. 'Yan mata kuma suna sayen irin wannan ƙwaya don ƙiba, abin da ake kira sha-ka-fashe. An kafa hukumar NAFDAC a 1993, kuma a zamanin shugabarta Dora Akunyili, daga 2001, an yi yaƙi sosai da jabun magani. Amma matsalar siteroyid ba ta jabu ba ce. Magani ne na gaskiya, mai aiki, da ake sha ba ƙa'ida, kuma aikinsa ne ke sa a koma masa.

Lissafin ba shi da wuya. Miligiram 0.75 na deksametason daidai yake da miligiram 5 na firedinisolon. Ƙwaya uku ta rabin miligiram a rana sun kai miligiram 10 na firedinisolon, wato mizanin da bincike ya nuna hatsarin cututtuka na tashi sosai daga gare shi in aka daɗe a kai. Akwai kuma tarko na biyu. Jikin da ya sha siteroyid makonni da yawa yakan daina samar da nasa, don haka in aka yanke sha farat ɗaya, ko don kuɗi sun ƙare ko don tsoro, jini na iya faɗuwa mutum ya suma, musamman in yana cikin zazzaɓi. Ragewa a hankali ake yi, kuma aikin likita ne. Bai dace a ɗora wa mai kemis laifin duka ba, domin ya cike gurbin da gwamnati ta bari ne. Sai dai leda marar suna ta hana majinyaci sanin abin da ya sha, ta kuma hana likitan da zai gan shi daga baya sanin abin da zai yi tsammani.

Cutar ƙanjamau, da aka fara bayar da rahotonta a Najeriya a 1986, ta koya wa jama'a maganar karyewar garkuwar jiki, kuma daga 2004 tallafin shirin PEPFAR ya mai da asibitin koyarwa na Jos ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin maganinta a ƙasar. Wannan ya kawo na'urorin gwaji da ƙwararru da masu ciwon gaɓɓai ma suka amfana da su. Ita cutar kuma ta kawo wani nauyi: mace mai lupus da ta rame, gashi ya zube, ƙuraje suka fito mata, sau da yawa ƙanjamau ake fara zargi a dangi. Bairas da ya fi shafar wannan rukuni a ɓoye shi ne na ciwon hanta nau'in B. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan takwas cikin ɗari na manya suna ɗauke da shi, kuma allurar rigakafinsa ba ta shiga jerin na jarirai ba sai 2004, wato yawancin manya na yau ba su samu ba. Bairas ɗin kan kwanta a hanta shekaru, garkuwa tana taka masa birki. In aka danne garkuwar sai ya hayayyafa, in aka sake ta kuma ta far wa hantar gaba ɗaya, abin da kan kai ga mutuwa. Haka bairas na ƙarambau yake. Bayan yaro ya warke yakan ɓuya a jijiya, ya fito bayan shekaru da ƙuraje masu zugi a layi guda a gefe ɗaya na jiki, kuma masu lupus da masu shan siteroyid sun fi kowa ganin wannan. Wani abin lura shi ne ciwon hanta na B da na C, da ƙanjamau, da zazzaɓin cikungunya da sauro ke kawowa, dukkansu suna sa ciwon gaɓɓai. Mai haɗi a leda na iya ba da siteroyid ga ciwon da bairas ne ya haddasa shi tun farko.

Ra'ayin cewa cututtukan garkuwa ba sa kama 'yan Najeriya ya rushe ne a hankali. Farfesa Olufemi Adelowo da abokan aikinsa a Legas sun wallafa bayanan majinyatan lupus da rumatoyid masu yawa a wajen 2009 da 2010, suka kuma horar da sababbin ƙwararru da suka bazu a asibitocin koyarwa, har da na Jos. A 2017 likitocin Jos suka fitar da sakamakon binciken gida-gida da suka yi a Katon Rikkos, inda kusan mutum ɗaya cikin uku ke da ciwon ƙashi ko gaɓa ko tsoka. Mafi yawa na tsufa ne da ciwon baya, masu cutar garkuwa kaɗan ne. Ma'anar wannan ita ce yawancin masu shan siteroyid don gwiwa ba su ma buƙatarsa, 'yan kaɗan ɗin da ke buƙatar danne garkuwa kuma ba shi kaɗai ya kamata su dogara da shi ba. Ga rumatoyid ginshiƙin magani shi ne metotireset, sau ɗaya a mako. Ga lupus kuwa haidiroksikulorokwin ne, ɗan'uwan tsohon maganin maleriya, wanda ke hana cutar tashi ba tare da ya karya garkuwa ba. Akwai masu ƙarfi da ake ba mai ciwon ƙoda, da allurai masu tsada irin su rituksimab, wanda ke share ƙwayoyin jinin da ke ƙera makaman garkuwa har wata shida ko fiye. Rikicin Jos na 2001 da waɗanda suka biyo baya, da suka raba unguwanni suka kawo dokar hana fita, sun sha katse wa irin waɗannan majinyata zuwa asibiti, maganinsu kuwa na bibiya ne da gwajin jini lokaci-lokaci.

Korona ce ta fito da lamarin fili. An tabbatar da ita a Legas ranar 27 ga Fabrairu 2020, ta iso Filato a watan Afrilu, gwamna Simon Lalong ya sa dokar kulle, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom ta zama wurin gwaji, kuma jihar ta kasance cikin waɗanda suka fi yawan masu cutar da aka tabbatar. Bugu na farko da masu lupus suka sha ba daga bairas ya zo ba. A watan Maris shugaban Amurka Donald Trump ya yabi kulorokwin da haidiroksikulorokwin, jama'a suka yi wawar su, farashi ya ninka, har aka kwantar da wasu a Legas saboda sun sha fiye da kima. Matan da rayuwar ƙodarsu ta dogara da ƙwayar suka yi ta yawon nema. A farkon Yuni babban gwajin RECOVERY na Ingila ya nuna ba ta hana mutuwa daga korona. Ranar 16 ga watan kuma gwajin ya sanar cewa deksametason na rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan na'urar numfashi, da ɗaya cikin biyar ga masu shaƙar iskar oksijin, amma bai amfani waɗanda ba sa buƙatar iskar. Rabin labarin ne ya isa titi, aka koma sayen deksametason a matsayin rigakafi duk da gargaɗin hukumomin lafiya. Ba saɓani a sakamakon. A kwanakin farko jiki na buƙatar garkuwarsa don korar bairas, siteroyid kuma na hana ta. A mako na biyu, ga wasu, garkuwar ce ke wuce gona da iri ta cika huhu da kumburi, a nan ne danne ta ke ceton rai. Don haka ma wasu magungunan rumatoyid, tosilizumab da barisitinib, suka shiga jerin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su ga korona mai tsanani.

Likitocin gaɓɓai na duniya sun buɗe rajista guda tun watan Maris 2020 suna tara bayanan majinyatansu da suka kamu. Rahoton farko, na mutum 600 daga ƙasashe 40, ya nuna masu shan miligiram 10 na firedinisolon ko fiye a rana sun ninka sauran yiwuwar kwanciya asibiti. Rahoto na gaba, na mutum sama da 3,700, ya nuna hatsarin mutuwa ya kai kusan ninki huɗu ga masu karɓar rituksimab idan aka kwatanta da masu metotireset kaɗai, ya kuma kusa ninkawa ga waɗanda cutarsu ke tashe ba a shawo kanta ba. Tsufa, ciwon huhu, ciwon zuciya da hawan jini su ma sun ƙara nauyi. Sakamakon da ya shafi waɗanda cutarsu ke tashe ya fi muhimmanci ga wuri irin Tudun Wada, inda rituksimab ya fi ƙarfin aljihun kusan kowa. Wanda ya ajiye metotireset ɗinsa don tsoron annoba bai tsira ba, domin cutar za ta tashi, ya koma kan siteroyid mai yawa, ya haɗa hatsari biyu. Wasu masana kuma sun gano a 2020 cewa kusan ɗaya cikin goma na waɗanda korona ta kai bakin mutuwa suna da makaman garkuwa da ke kashe intaferon, sinadarin da jiki ke fara tare bairas da shi, kuma ana samun irin waɗannan makamai a jikin wasu masu lupus.

Allurar korona ta iso Najeriya ranar 2 ga Maris 2021, kusan miliyan huɗu ta AstraZeneca. Ba ta da rayayyen bairas, don haka masu shan maganin danne garkuwa na iya karɓa, sai dai jikinsu ba ya amsawa kamar na kowa. Gwaji a Koriya ta Kudu kan allurar mura, da wani a Ingila kan ta korona, sun nuna dakatar da metotireset na mako biyu bayan allura, da izinin likita, yana ƙara ƙarfin kariya. Allurar shawara dabam take, domin rayayyen bairas ne da aka raunana, haka ta ƙyanda. Tun da shawara ta dawo ƙasar a 2017, har ta ɓarke a yankin Yankari na jihar Bauchi a 2019, ana yin allurar gama-gari gida-gida da bakin kasuwa. Ga mai lafiya allura guda kariya ce ta tsawon rai. Ga mai shan siteroyid mai yawa ko allurar danne garkuwa tana iya zama cutar kanta, kuma mai allura ba zai sani ba sai an faɗa masa.

Tsarin da ƙwararru ke bi yanzu ya samo asali daga duk waɗannan darussa. Kafin a fara maganin danne garkuwa ana gwada ciwon hanta na B da na C da ƙanjamau da tarin fuka. Wanda aka samu da na B ana haɗa masa tenofobir ko makamancinsa. Allurai kuma ana so a yi su kafin a fara, masu rayayyen bairas da tazarar kusan wata guda. Siteroyid ana ba da shi na ɗan lokaci kafin babban magani ya kama, sannan a yi ta ragewa. Mata masu lupus ana ƙarfafa musu gwajin bakin mahaifa, domin bairas na HPV ya fi daɗewa a jikinsu. Majinyaci kuma ana ce masa duk zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya a kai shi asibiti da kwalayen magungunansa, musamman daga Disamba zuwa Afrilu, lokacin da Lassa ke tashi kowace shekara, Filato kuwa tana cikin jihohin da ke samun ta. Har yanzu babu allurar rigakafinta da aka amince da ita, don haka kariyar ta rage ga rufe hatsi da gari a mazubi mai murfi, da daina shanya abinci kan duwatsu da bakin titi, da toshe ramukan ɓera. Gwaje-gwajen farko kuwa da na bibiya galibi daga aljihu ake biyansu, kuma a nan ne majinyata da yawa ke yankewa su koma wa ledar kemis.